Yadda Ake Ƙera Salansar Babur a Mora

Duk wanda ya taɓa wayar gari a Mora ranar Lahadi, ranar da kasuwa ke ci, ya ga babura suna kwararowa daga Kolofata da Kerawa da ƙauyukan gindin dutse, kowanne ɗauke da buhunan albasa ko na dawa ko jarkokin man nan da ake kira zuwa-zuwa, ya san cewa abin hawan nan ya gaji jaki a ƙasar Mandara, ya kuma gaji wahalarsa. Daga cikin gaɓoɓinsa kuwa babu wadda ke shan azaba kamar salansa, domin ita ce ke rataye kusa da ƙasa, dutse ya buge ta da rani, ruwan rafi ya shige ta da damina, wuta kuma tana cin ta daga ciki dare da rana. Wadda ake sayarwa a kanti sau da yawa ƙarfenta bai fi na gwangwanin madara kauri ba. Saboda haka na ga ya kyautu in bayyana tartibin ƙera ta da hannu, musamman da yake wannan ƙasa ta ƙarfe ce tun fil azal, inda maƙeran Mafa suka daɗe suna narka tama daga baƙin yashin rafuffuka tun kafin Jamusawa su yi sansani a kan dutsen Mora daga 1914 zuwa farkon 1916.

Sharaɗi na fari shi ne mutum ya san irin injin da ke gabansa. Bayanin nan duka na inji mai bugu huɗu ne, irin na Bajaj Boxer da TVS da galibin baburan Sin na yanzu. Amma mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, kamar tsohuwar Suzuki AX100, mas'alarsa dabam ce, gama kumburin cikin salansarsa wani yanki ne na aikin injin, an lissafa shi da ƙa'ida, kuma wanda ya sake shi da ƙiyasi ya raunana babur.

Idan an tabbatar inji mai bugu huɗu ne, sai a bar shi ya huce sarai, a ɗiga mai a kan notoci biyun da ke riƙe da bakin salansa, a kwance su sannu a hankali, domin idan ƙusar ta karye a cikin kan inji an buɗe wata ƙofar hasara. A cire tankin mai a kai shi nesa, a cire wayar batir da ta akwatin wuta. Wannan wajibi ne, babu rangwame a cikinsa, tunda za a ɗiga walda a jikin babur.

Sa'an nan a zo ga awo, wanda a ganina shi ne ginshiƙin aikin, kuma a nan ne samari suka fi yin kuskure. Suna zaton gwargwadon faɗin bututu gwargwadon ƙarfin babur, alhali kuwa hayaƙi ba ya fitowa a miƙe kamar ruwan famfo, bal yana fitowa ne tunkuɗa bayan tunkuɗa, kuma kowace tunkuɗa, idan ta sami bututu daidai da ita ta wuce da sauri, takan bar gurbi a bayanta wanda ke jawo ragowar hayaƙin da ya maƙale a cikin silinda, ta haka sabon mai da iska su sami wurin shiga. Idan bututu ya yi faɗi ainun saurin nan ya mutu, sai babur ya yi ta ruri a kan kwalta, amma da ya ɗauki buhu biyu ya fuskanci hawa sai ya kasa. Don haka a auna ramin da hayaƙi ke fitowa a kan inji, a nemi bututun da cikinsa ya yi daidai da shi, ko ya ɗara da milimita ɗaya ko biyu kacal. Ga injin cc 100 zuwa 125 abin yakan faɗa tsakanin milimita 22 da 26. Kaurin ƙarfen ya zama milimita 1.2 zuwa 1.6, tsawonsa kuma ya bi na asali. A nisanci bututun ruwa mai farin shafi, domin tutiya ce a jikinsa, kuma hayaƙinta a wuta yana sa zazzaɓi da ƙuncin ƙirji. Baƙin ƙarfe tsantsa ake so.

Kafin a taɓa bututu, a ɗauki waya mai kauri a lanƙwasa ta a jikin babur, tun daga bakin inji, ta kauce wa firam da birkin ƙafa da abin tayar da inji, har zuwa inda ake son tukunya, wato kumburin baya mai rage ƙara, ta zauna. Ita ce ma'auni. Ni dai na fi son a ɗaga ƙarshen sama kaɗan fiye da yadda kamfani ya yi, saboda tsallake rafi.

Lanƙwasa ita ce wurin da gwani ke bambanta da almajiri. Bututu marar komai a ciki, in aka matsa masa, sai ya lotse kamar karan dawa, hanyar hayaƙi ta ƙuntata. Maganin wannan shi ne yashi. A samo shi daga rafi, a tankaɗe, a soya shi a kasko har ya bushe ƙamas, domin yashi mai laima idan ya ji wuta a cikin rufaffen bututu yakan zama tururi, tururin kuwa yana iya harbo toshiyar kamar harsashi. A toshe baki ɗaya da katako, a tsayar da bututu, a riƙa zuba yashi ana bubbuga gefensa da sanda, a zuba a bubbuga, har sai sautinsa ya daina amo kuma yashin ya ƙi sauka. Sa'an nan a toshe ɗaya bakin da ƙarfi, a bar 'yar kafa ta numfashi. Wanda ya yi gaggawa a wannan wuri zai ga sakamakonsa a gwiwar bututu. A sa alli a wurin da za a lanƙwasa, a juya ɗinkin bututun ya koma gefe, kada ya kasance a bayan gwiwa ko a cikinta. A gasa wurin a gawayi da zugazugi, ko da wutar kabad, har ya yi ja kamar gauta nunanne, a ɗora shi a jikin wani kewayayyen ƙarfe da aka kafe, a ja shi da natsuwa ana gwadawa da wayar nan. Kada gwiwa ta yi tsanani: nisan tsakiyar kewayenta ya kai ninki uku na faɗin bututu. In ja ya dushe a mayar wuta, kada a tilasta wa ƙarfe mai sanyi. Idan an gama a bar shi ya huce da kansa ba tare da ruwa ba, a zazzage yashin, a zura tsumma da waya a share, a hura iska, domin ƙwayar yashi da ta rage tana iya komawa ga bawul.

Faifan da ke manne bututu da inji, in na tsohuwar salansa bai lalace ba a yanko shi. In ya lalace a yanka sabo daga ƙarfe mai kaurin milimita 6 zuwa 8, a goge fuskarsa da magagari har ta miƙe.

Tukunya kuwa ana naɗe ta daga falle mai kaurin milimita ɗaya da ɗoriya, faɗinta santimita 8 ko 9, tsawonta 30 zuwa 35. A tsakiyarta a zura bututu mai huje-huje na milimita 4 ko 5, a naɗe shi da audugar gilashi, a matse ta daidai gwargwado, a sa faifai mai rami kusa da mafita don ya karya sauti, a huda ƙaramar kafa a can ƙasa inda raɓar hayaƙi za ta ɗiga. A nan ina da magana da masu cire hanjin salansa don neman ƙara. Mutanen Mora da na Kolofata da Amchide sun sha jin ƙarar da ba ta alheri ba a shekarun fitinar Boko Haram, kuma har yau akwai tsofaffi da ƙananan yara da zuciyarsu ke tsinkewa idan babur ya yi tartsatsi da dare. Haƙƙin maƙwabci abu ne da shari'a ta tsananta a kansa, maƙerin da aka roƙa ya yi irin wannan aiki kuwa ya kamata ya ba da haƙuri.

Wajen haɗawa, a ɗaura komai a jikin babur da sabon zoben jan ƙarfe a bakin inji, a ɗiga walda wuri uku ko huɗu a kowace mahaɗa, sa'an nan a sauke a kammala ɗinkin a ƙasa. Wutar kabad ta fi dacewa da siririn ƙarfe. Mai waldar lantarki ya yi amfani da sanda ta milimita 2 ko ƙasa da haka, ya rage wuta, ya riƙa tsallakawa daga gefe zuwa gefe don kada ƙarfe ya huje ko ya karkace. Maratayin baya a sa masa roba, in ba haka ba girgizar hanya za ta tsaga waldar. A zaunar da mutum biyu a kan babur a duba ko taya ko ƙarfen ƙafar baya na taɓa tukunya. Kada kuma a manta da garkuwar zafi, wato falle mai ramuka da ake ɗaurawa da tazarar yatsa ɗaya, domin mata da yara da ake goyo su ne ke ƙonewa a sha-raɓa. Fenti kuwa sai mai jure wuta.

A tayar da inji a fili, ba a cikin shago ba, gama a cikin hayaƙin akwai iska mai kisa wadda ba ta da wari. A shafa ruwan sabulu a mahaɗai tun ƙarfe bai yi zafi ba, inda ya yi kumfa a sake ɗinkewa. Daga nan a hau a yi tafiya mai ɗan nisa, kamar rabin hanyar Marwa a dawo, a kwance fulogi a duba bakinsa. In ya yi launin ƙasa-ƙasa, mai da iska sun daidaita. In ya yi fari fat, ko babur na tartsatsi idan an saki totur, to mai ya yi kaɗan, inji zai yi zafi har bawul ya ƙone, sai a ƙara girman jet na kafireta da mataki ɗaya a sake gwadawa. In ya yi baƙi da kunkunniya, a duba ko tukunya ta shaƙe da yawa. Bayan kwana biyu ko uku, da sassafe inji na sanyi, a sake ɗaure notocin bakin inji, domin zoben jan ƙarfe yakan kwanta bayan ya sha wuta.