Takardun da ke Ɓoye a Tsohuwar Mota Amana Ne

Sana'ata ɗinkin kujeru da rufin mota ce a nan birnin Maraɗi, kuma tun da yake aikin yakan kai hannuna inda na direba da na makaniki ba su kaiwa, wato ƙarƙashin soso da bayan majingina da tsakanin shimfiɗa da ƙarfen ƙasa, na ga ya wajaba in yi wa abokan sana'a da masu motoci nasiha a kan wani abu da muke haɗawa da shara muna ƙonewa a gareji, alhali kuwa hujja ce: takardun asalin mota.

A Amurka, cikin shekarun 1960 da 1970, lokacin da kamfanonin Chrysler da Ford da General Motors ke ƙera motocin nan masu manyan injuna irin su Dodge Charger da Mustang, kowace mota tana tafiya a layin haɗi da wata takarda mai faɗa wa ma'aikata irin injin da za a ɗora mata, da giyarta, da launin fentinta, da yadin kujerunta. In aiki ya ƙare, sau da yawa sai a cusa takardar cikin sifirin ɗin kujera ko ƙarƙashin shimfiɗa, kamar yadda a 1967 aka soma manna ta motar Corvette a bisa tankin mai. Yau a can, wanda ya tsinci wannan takarda a motarsa darajarta takan hau, domin ita ce isnadin mota: kamar yadda malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun bi maruwaitanta ɗaya bayan ɗaya har tushe, haka mai saye na haƙiƙa ba ya gaskata "ba a taɓa ta ba" sai ya ga shaidar masana'anta.

Mu a nan ba mu gaji irin waɗancan motoci ba. Abin da iyayenmu suka bar mana shi ne Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, da 504 ta 1968, waɗansu daga Sochaux ta Faransa, waɗansu kuma haɗin Kaduna, inda aka soma haɗa Peugeot a 1975, suka shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa. Sai kuma Land Rover da Mercedes na alhazan da suka yi arziki da gyaɗa da fatauci. Su ma suna da nasu takardun, ko da yake galibi mai motar ne ya ɓoye su da hannunsa: littafin garanti mai hatimin dillali, da rasit ɗin duwan, da tsohuwar takardar mallaka.

An taɓa kawo mini wata 504 daga Tibiri, ta wani dattijo da Allah ya yi wa rasuwa, magadansa suna so a sabunta kujerunta kafin a yi mata ƙima a raba gado. Da na ɗaga kujerar baya, sai ga wata leda an naɗe ta an ɗaure da zare, ta manne da ƙarfe saboda tsatsa, a cikinta kuma littafin garanti, ganyensa ya yi ja, gara ta ci gefe guda, amma lambar shasi da ta inji da ranar da aka miƙa motar duk suna karantuwa. Muka buɗe bonet, muka goge ƙaramin allon ƙarfen da masana'anta ta kafa, muka kankare maiƙon da ya rufe lambar inji, sai ga su sun yi daidai harafi da harafi. Da wannan magada suka sami bayyina cewa injin na asali ne, maganar wani dillali da ke cewa an sauya shi ta faɗi, haƙƙin marayu bai salwanta ba.

Saboda haka, wanda duk ya ci karo da irin wannan takarda, kada ya fizge ta, domin takardar da ta sha zafin bazara da laimar damina shekara da shekaru takan rugurguje kamar busasshen ganye. Ya fara ɗaukar hotonta da waya a inda take, sannan ya zare ta a hankali. Kada ya jiƙa ta, kada ya manna mata gam, kada kuma ya kai ta a rufe ta da leda mai zafi, sai dai ya sa ta cikin ambulan, nesa da rana. Bayan haka a gwama lambobi uku: ta takarda, da ta allon ƙarfe, da wadda aka buga a jikin shasi. Motocin da aka ƙera tun daga wajen 1981 lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce, ta tsofaffin Peugeot ɗin Faransa kuma tana farawa da VF3. In aka ga saɓani, a gaya wa mai mota gaskiya, kada a gyara kome, domin sauya lamba algus ne a shari'a, laifi ne kuma a wurin hukuma.

Fa'idar ba ta tsaya ga ciniki ba. Manomin Jiratawa da ke ɗauko kayan lambu zuwa kasuwar Maraɗi da tsohuwar 404 mai tamfol, in ya san ainihin lambar injinsa, ba za a sayar masa da kayan gyaran da ba su dace ba. Sai dai a sani, takardar masana'anta ba ta maye gurbin ta duwan ko ta mallaka. Kowace da muhallinta.

Ya ku abokan sana'a, abin da muka tarar a cikin motar mutum ba tsintuwa ba ce, dukiyarsa ce da ya ba mu amana tare da makulli. Ku hori yaranku na gareji kada su share takarda ko guda sai sun nuna muku, ku kuma miƙa ta ga mai ita hannu da hannu. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.