Babbaƙu ko Kalma Ɗungurungum: Wace Hanya Ta Fi Koyar da Yaro Karatu?

Gabatarwa

A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, yara da yawa kan fara riƙe allo kafin su riƙe littafin boko. Tun daga shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, makarantun biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Tambayar da ke gaban malamai ita ce, ta ina ya kamata a fara: daga harafi ko daga kalma?

Hanyar Gargajiya

A makarantar allo, yaro kan fara da babbaƙu, wato haruffa ba wasula. Daga nan sai farfaru, inda ake ɗora wa kowane baƙi wasali, sannan ya shiga haɗa su. Haka malamin boko yake yi da ba, be, bi, bo, bu. Amfanin wannan hanya shi ne, wanda ya san sautin harafi zai iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Illarta kuwa, takan koma rera waƙa, aji ya yi ta amsa amo ba tare da fahimta ba.

Sabuwar Hanya

Masu sabon ra'ayi sun ce a fara da kalma ɗungurungum, da hoto da labari, domin yaro ya so karatu. Wannan hanya ta bunƙasa a Amurka, har Rudolf Flesch ya soke ta a 1955. Binciken Jeanne Chall na 1967, da rahoton kwamitin karatu na Amurka na 2000, sun nuna cewa koyar da sautin haruffa daki-daki ya fi amfani ga mai farawa. Dalili kuwa, magana takan zo wa yaro da kanta, amma rubutu ƙirƙirar ɗan Adam ne, sai an nuna masa alaƙar harafi da sauti.

Matsayin Hausa

Rubutun Hausa ya dace da hanyar sauti, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya gare shi. Sai dai ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti. Alal misali, gari na iya zama wurin zama ko abin tuwo, jumla ce kaɗai ke bambancewa. Haka kuma yaron Zurmi kan ce tahi, alhali littafi ya rubuta tafi. Wajibi ne malami ya bayyana masa wannan bambanci, ba ya ɗauke shi kuskure ba. A nan ne labari da tambayoyin fahimta suke da rana. Shirin RANA, wanda aka fara a jihohin Katsina da Zamfara a 2015, ya haɗa hanyoyin biyu cikin harshen Hausa.

Kammalawa

Rashin tsaro ya sha katse karatu a wannan yanki, har aka rufe makarantun Zamfara a 2021. Yaron da ya haddace shafi kawai, da an daina zuwa aji sai ya manta. Wanda ya iya haɗa baƙi kuwa, ko rubutun jikin buhun taki ya ishe shi bita. Saboda haka, a fara da sauti, a biyo da ma'ana a darasi guda. Gwajin mai sauƙi ne: malami ya rubuta sabuwar jumla, ɗalibi ya karanta shi kaɗai, sannan ya faɗi abin da take nufi.