Zafin kwamfuta da waya lokacin buga gem: shawarwari ga magidantan Limawa

Gem ya riga ya shiga gidajenmu. A Limawa da sauran unguwannin Dutse, za ka samu ɗan sakandare ya duƙufa kan Free Fire ko PUBG a wayarsa ta Infinix ko Tecno, yayansa ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kuma yana buga ƙwallon FIFA a laftof ɗin da aka saya masa don karatu, ga kuma shagunan gem inda matasa ke layin PS4. Kukan duka ɗaya ne da zarar bazara ta kama: "Ta ɗau zafi." Iyaye na tsoron kada kayan da aka tara kuɗi aka saya su ƙone, kuma tsoron yana da dalili. Sai dai abin da aka fi jin tsoro a kansa, wato furosesa, shi ne ya fi kowane sashe iya kare kansa. Batir da allon cikin na'ura su ne marayu, kuma zafin ɗakinmu ne ke cin su a hankali.

1. Ku san lambobin kafin hankalinku ya tashi. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin ayyukan kwamfuta, kuma kusan duk wutar da ta sha zafi take zama. Idan kwamfuta na zaune ba aikin kirki, digiri 40 zuwa 55 a ma'aunin Salsiyos ba komai ba ne. Idan ana buga gem, 70 zuwa 85 shi ne abin da aka saba gani. Akasarin furosesocin Intel an yi musu iyaka a digiri 100, na AMD Ryzen kuwa a 90 ko 95, gwargwadon samfuri. Laftof siririya tana iya leƙa 90 ta sauko, wannan ma ba tashin hankali ba ne. Abin da bai dace ba shi ne ta maƙale a 95 zuwa sama tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Da ta kusanci iyakarta, furosesa da kanta take rage gudu don ta huce, shi ya sa gem ɗin da ya fara lafiya lau sai ya riƙa sarƙewa bayan ɗan lokaci, yara su ɗora laifin a kan netwok. In rage gudun bai wadatar ba, sai na'urar ta kashe kanta. Mutuwar farat ɗaya irin wannan kariya ce, kuma sanarwa ce cewa akwai abin gyara.

2. A auna, kada a dogara da taɓawa da hannu. Jikin laftof na iya zama da ɗumi kaɗan alhali cikinta na tafasa, saboda zafin ya rasa hanyar fita. Akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp da HWiNFO masu nuna zafin furosesa, kuma galibi yaran gidan sun fi mu sanin yadda ake sauke su. A kunna manhajar, a buga gem na rabin awa, sannan a duba lamba mafi girma da ta kai. A lura da harafin da ke gefen lambar: C ake so. In F ne, ma'aunin Amurkawa ne, wanda 176 a cikinsa daidai yake da 80 a namu, kada wani ya gani ya ɗauka gobara ce.

3. Zafin ɗaki shi ne uwa uba, kuma a nan ne shawarar da ake karantowa daga ƙasashen waje ba ta cika yi mana daidai ba. Masu gwada kwamfuta a Turai da Amurka suna aikinsu ne a ɗaki mai digiri ashirin da ɗoriya. Fankar cikin na'ura ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take jawowa ta bi ta kan ƙarfen da ya kwaso zafin furosesa. In iskar ta ƙaru da digiri goma, furosesa ma za ta ƙaru da kusan hakan. Don haka laftof ɗin da ke tsayawa a 78 a Landan, ita ce za ta haura 90 a Dutse cikin Afrilu ba tare da komai ya lalace a jikinta ba.

Kamfanonin da kansu sun faɗi iyakarsu. Sony ya rubuta cewa a yi amfani da PS4 a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 zuwa 35. Apple ma 35 ya sa a matsayin iyakar iPhone. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu, rana tana haura 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma ya fi haka. Unguwannin da ke gindin duwatsu sun san yadda dutse ke riƙe zafin yini ya riƙa sako shi har bayan Magariba. Ma'ana, a tsakiyar bazara, daga Azahar zuwa La'asar, muna sa na'urorin nan aiki a yanayin da masu ƙera su ba su yi alkawarin za su jure ba.

Magani mafi araha shi ne sauya lokaci. A bazara a bar gem sai da safe kafin rana ta take, ko bayan Isha'i. Ina ganin wannan doka ɗaya ta fi duk wani abin sanyaya na'ura da za a saya a kasuwa amfani, ga shi kuma tana taimaka wa iyaye wajen ƙayyade wa yara lokacin wasa ba tare da dogon gardama ba. In akwai wuta, a juya fankar ƙasa ta fuskanci na'urar. Ba za ta sa iska ta fi yadda take sanyi ba, amma tana kore wadda ta taru a gefen na'urar.

4. Kada a ɗora laftof kan katifa, filo, darduma ko kafet. Yawancinsu ta ƙasa suke shan iska, kuma yadi yana toshe ƙofofin. Tebur, benci ko faranti mai faɗi ya fi. A ɗaga bayanta da ɗan katako ko littattafai biyu a gefe da gefe, ta yadda iska za ta ratsa ƙarƙashi. Ɗora ta kan cinya na tsawon awanni yana iya barin tabo a fata. PS4 da PS5 kuma kada a kulle su cikin durowar talabijin, kada a manna bayansu da bango, kada a bar musu ƙyallen rufin ƙura alhali suna kunne.

5. Ƙurar hunturu ita ke shirya wa bazara ɓarna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura mai laushi tana shiga ko'ina, fankar na'ura kuwa jawo ta take yi da ƙarfi. Tana haɗuwa da zaren tufafi ta zama kamar auduga a bakin siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu. Lokacin sanyi ba a lura, don iskar na taimakawa. Sai zafi ya shigo a ji fanka na ƙugi, amma in ka sa hannu a mafitar iskar ba abin kirki ke fitowa ba.

Saboda haka ƙarshen Fabrairu ne lokacin share na'ura, kafin zafi ya kankama. A kashe ta, a zare ta daga wuta, a share ƙofofin iska da buroshi mai laushi. In za a hura mata iska, a tokare fankar da tsinke kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Kada a kai ta wurin mai faci a hura da injin taya: iskar ta yi ƙarfi, kuma takan zo da laima. Buɗe cikin laftof aikin mai gyara ne. In an kai, a ce ya share fankar, ya kuma sauya man nan mai ruwan toka da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Man yana bushewa da shekaru, kuma kwamfuta 'yar gwanjo da ta yi shekara biyar ko shida a wata ƙasa kafin ta iso hannunmu, da wuya a ce an taɓa sauya mata shi. Ɗan ɗigo ake sawa, ba lafta shi ake yi ba, kuma man goge baki ko giris ba sa maye gurbinsa ko da wa ya faɗa. PS5 daban take: narkakken ƙarfe ne a wurin, wanda in ya zuba kan allo yana haɗa wuta. Wanda bai san ta ba kada ya buɗe ta.

6. A waya, batir ne abin lura. Furosesar waya tana jure zafin da batirin lithiyam ba ya jurewa, ga shi suna manne da juna cikin jiki ɗaya ba fanka. Batir ya fi son abin da bai wuce digiri talatin da 'yan kai ba, kuma caji a sama da 45 yana cutar da shi. Mafi munin haɗi shi ne wanda yaranmu suka fi yi: an kawo wuta, an jona caji, ana buga gem, waya na cikin kwandonta na roba mai kauri, a kan katifa. Zafin caji da zafin wasa sun haɗu ke nan. Na san dalilin, wuta ba ta zama, kowa na son ya ci moriyarta kafin a ɗauke. Duk da haka gara a cika cajin tukuna, a zare, a cire kwandon, sannan a yi wasa.

In bayan waya ya fara ɗagowa, ko fuskarta ta turo, ko madannan laftof suka yi tudu, batir ya kumbura. A daina amfani da shi nan take, kada a danna, kada a huda, kada a jefa cikin sharar da za a ƙona. A 2016 Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya baki ɗaya saboda batiranta na kamawa da wuta, har kamfanonin jiragen sama suka hana shiga da ita. Kuma kada a kwana da waya na caji ƙarƙashin filo, musamman a ɗakin yara.

7. Kada a sa waya ko laftof mai zafi cikin firij, kada a ɗora mata ƙanƙara ko ledar fiya wata mai sanyi. Sanyin gaggawa yana tara raɓa a ciki, ruwa kuwa yana cin allo. A kashe ta a ajiye a inuwa kan siminti ko tayil, minti goma zuwa sha biyar sun isa.

8. A rage wa gem ɗin kwalliya. Yawancin gem suna da wurin saiti inda ake rage kyan hoto, inuwa da yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa. In aka tsayar da yawan hotunan a 60, ko 30 a ƙaramar waya, na'ura ba za ta yi ta haƙilon abin da ido ba zai ma bambance sosai ba. A Windows, cikin saitin wuta, akwai inda ake rage iyakar ƙarfin furosesa daga 100 zuwa 99 cikin ɗari. A kwamfutoci da yawa wannan yana hana ta zabura, zafi ya sauka sosai. Matasa ba sa son jin wannan shawara, amma wasan da ke tafiya daidai daga farko zuwa ƙarshe ya fi mai kyan hoton da ke sarƙewa ana tsakiyar fafatawa. A kuma rufe sauran manhajojin da ke buɗe a baya.

9. Cajar arha tana da nata zafin. A nemi wadda ƙarfinta ya dace da na'urar. In ana kan janareta ko wuta na rawa, a bi ta sitabilaiza, kuma in an ɗauke wuta a zare filogi kafin a dawo da ita.

10. Mai sayen ta hannu ya gwada ta da aiki mai nauyi kafin ya biya, ko a nan Dutse ne ko a Farm Centre ta Kano. Kunnawa a ga hoto ya fito bai isa ba. A buɗe gem ko bidiyo mai nauyi na minti ashirin, a saurari fanka, a duba lambar zafin. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ɓarnar zafi taruwa take yi. Duk sanda allo ya yi zafi ya huce, dalmar da ta riƙe sassansa tana buɗewa tana tsukewa, har wata rana ta tsage. Irin wannan ne ya addabi injin gem ɗin Microsoft, Xbox 360 na farko, wanda fitilunsa uku ke komawa ja ya mutu, har a 2007 Microsoft ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara, ya kuma tsawaita garantinsa kan wannan matsala zuwa shekara uku. Mai sayen na'ura a kasuwar 'yan gwanjo ba shi da irin wannan garanti, don haka a yi yarjejeniya da mai shago a gaban shaida kan kwanakin da za a iya dawo da ita in ta fara kashe kanta.