Raunin Tayirod: Dalilin Dagewar Alamomi da Ƙa'idar Gwajin Jini

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, ta rungume maƙogwaro ta dama da hagu. Tana fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, kaifin tunani da al'adar mata. Idan ta kumbura, shi ne maƙoƙo. Amma ba kowane mai maƙoƙo ne tayirod ɗinsa ta yi rauni ba, kuma da yawa daga masu raunin, wuyansu sumul yake.

Idan sinadaran suka yi ƙaranci, komai na jiki sai ya yi nawa. Mutum ya riƙa jin kasala ko da ya yi barci isasshe, ya ji sanyi lokacin da sauran mutanen gida ke fifita, fata ta bushe, gashi ya zube, fuska ta kumbura, murya ta dushe, bayan gida ya yi tauri, mantuwa ta yawaita. Mace kan ga al'adarta ta rikice ko ta yi yawa, ciki ya yi jinkirin samuwa ko ya riƙa zubewa. Cutar ta fi kama mata nesa ba kusa ba.

A duniya baki ɗaya, ƙarancin aidin a abinci shi ne babban sanadi, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci. Inda aidin ya wadata, abin da ya fi yawa shi ne garkuwar jiki ta juya ta yaƙi tayirod, cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912. Sauran dalilan sun haɗa da aikin cire maƙoƙo, kumburin tayirod bayan haihuwa, da wasu magunguna, cikinsu har da wasu na tarin tibi mai bijire wa magani.

Yadda magani da gwaji suke aiki

Maganin ƙwaya ɗaya ce a rana, levothyroxine, wadda ita ce T4 ɗin da jiki ya gaza samarwa. An fi samunta a awon maikrogiram 25, 50 da 100. Tana cike giɓi ne, ba ta farfaɗo da halittar, don haka yawancin masu cutar za su sha ta iya rayuwarsu.

Gwajin da ake auna aikinta da shi sunansa TSH. Wannan sinadari daga fituwitari yake fitowa, wata ƙaramar halitta a gindin ƙwaƙwalwa, kuma shi ke umartar tayirod ta yi aiki. Tamkar uwa ce mai kiran yaro: in bai amsa ba sai ta ɗaga murya, in ya zo sai ta sassauta. Saboda haka TSH mai yawa na nufin sinadarin tayirod ya yi kaɗan, TSH da ya yi ƙasa ƙwarai kuma na nufin magani ya yi yawa. A nan mutane da dama ke ruɗewa, su ga lamba ta hau su ɗauka ƙwayar ce ta yi musu yawa, alhali akasin haka ne. A yawancin ɗakunan gwaji, daidai yana tsakanin 0.4 da 4.0 ko kusa da haka, kuma kowace takardar sakamako tana ɗauke da ma'aunin ɗakin da ya yi ta a gefen lambar.

Levothyroxine ba ta gaggawa. Sai an yi kusan kwana 7 kafin rabin abin da aka sha ya fita daga jini, kuma sai an yi makonni kafin ta daidaita. Wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita TSH bayan mako 6 zuwa 8 da fara magani ko canza awonsa. Gwajin da aka yi bayan mako 2 asarar kuɗi ne, kuma yana iya sa a yi ƙarin da ba a buƙata. Idan lamba ta zauna daidai, sau ɗaya a wata 6 zuwa 12 ya wadatar. Ko bayan jini ya daidaita, fata da gashi da ƙarfin jiki kan ɗauki wasu watanni kafin su dawo.

Idan alamomi suka ƙi tafiya

Wanda ya yi watanni yana shan magani amma har yanzu yana fama, matsalarsa ba ta wuce ɗaya daga abu uku ba: ko maganin ba ya shiga jini yadda ya kamata, ko awonsa bai dace ba, ko kuwa wata cuta daban ce ke kawo alamomin. A wannan jerin likita ke bin su.

Na farko ya fi kowanne yawa. Hanji yana tsotse levothyroxine sosai ne idan ciki babu komai. Ƙa'idar ita ce a sha da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, ko kuma da dare, bayan awa 3 da cin abincin ƙarshe. Matar da ta tashi da asuba ta jefa ƙwayar a baki ta kora da shayi mai madara, sannan ta haɗa da jar ƙwayar ƙarin jini da aka ba ta wurin awo, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba, amma wani kaso na maganin ya bi bayan gida ya fita. Ƙwayar ƙarin jini, da ta kalsiyam, da farin ruwan maganin olsa suna kama levothyroxine a cikin hanji, don haka a raba su da ita da awa 4. Madara, nono, kofi, awara da madarar waken suya su ma suna rage shigarta. Ba a haramta su ba, tazara kawai ake so. Wanda ya sha ƙwayarsa da tashinsa sallar asuba, kafin a dama koko lokaci ya cika.

Wasu magungunan kuma suna ƙara yawan abin da jiki ke buƙata. Akwai rifampicin na tarin tibi, da carbamazepine, phenytoin da phenobarbital na farfaɗiya, da omeprazole na olsa, da ƙwayoyin tsarin iyali masu estrojin. Wanda aka ɗora a kan maganin tibi, a cibiyar tarin tibi ta Saye da ke Zariya ko a wani asibiti, ya gaya wa ma'aikatan cewa yana shan levothyroxine, don a auna TSH ɗinsa a tsakiyar jinyar. Gudawa mai daɗewa da ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki su ma suna hana maganin shiga.

Ajiya ma tana da tasiri. Zafi, haske da laima suna rage ƙarfin ƙwayar, kuma zafin Zariya a watannin Maris da Afrilu ya zarce abin da aka rubuta a jikin kwalin. A bar ta cikin takardarta, a wuri mafi sanyi da duhu a ɗaki, nesa da murhu da taga. A sayi mai lambar NAFDAC, a duba ranar lalacewarta, a guji ƙwayoyin da aka ƙirgo tsirara a leda. Idan da hali a tsaya a kan samfurin kamfani ɗaya, in kuma dole ta sa an canza, a maimaita TSH bayan mako 6 zuwa 8.

Akwai kuma yankewar magani. Mazaunin Dutsen Abba da sai ya shigo Tudun Wada ko cikin birni kafin ya sami ƙwayar yana iya yin mako ɗaya ko biyu babu ita a kowane wata. Gara a sayi sabon kwali tun na hannu bai ƙare ba. Kuma a faɗa wa likita gaskiyar kwanakin da aka tsallake, domin idan aka ɓoye masa zai ga TSH ya hau ya ƙara awo, ran da aka dawo sha kullum kuma magani ya yi yawa.

A watan azumi ba a ajiye levothyroxine. Ana iya shan ta minti 30 zuwa 60 kafin sahur, ko lokacin kwanciya idan an yi awa 3 da gama cin abinci. A zaɓi lokaci ɗaya a tsaya a kai har Salla.

Na biyu shi ne awon maganin. Baligi mara ciwon zuciya wanda tayirod ɗinsa ta daina aiki kwata-kwata yana buƙatar kimanin maikrogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 zai kai kusan 100 a rana. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ana fara musu da 25 ko ƙasa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Buƙata tana canzawa idan nauyi ya ƙaru ko ya ragu sosai. Ƙara wa kai magani saboda kasala ko don neman rage ƙiba hatsari ne: yawansa yana kawo bugun zuciya barkatai, rawar hannu, gumi, rashin barci da zaizayar ƙashi, musamman ga matan da al'ada ta ɗauke musu.

Na uku, idan TSH ya zauna daidai amma jiki bai saki ba, sai a duba wani wuri. Kasala ba ta tayirod ba ce ita kaɗai. A wannan yanki ƙarancin jini ne abin zargi na farko, ko daga zubar jinin al'ada, ko haihuwa kusa-kusa, ko maleriya, ko tsutsar ciki. Sai ciwon suga, ciwon ƙoda, ƙarancin bitamin B12 da bitamin D, minshari mai yanke numfashi, ɗaukewar al'ada, da ciwon damuwa wanda ake yawan ɓoyewa. Maimaita gwajin maleriya da taifot duk lokacin da jiki ya mutu ba zai gano waɗannan ba. Akwai kuma 'yan kaɗan da ke ci gaba da jin alamomi duk da an bincika komai. Wahalarsu gaskiya ce, kuma su ne ya kamata su ga ƙwararren likitan wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Shi ne zai iya duba yiwuwar gwada ƙarin T3 na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawa.

Ranar gwaji

A je da safe, a jinkirta ƙwayar ranar har sai an ɗebi jini, musamman idan za a auna T4. A riƙa zuwa ɗakin gwaji ɗaya, don injuna suna bambanta. Masu shan biotin, wanda ke cikin magungunan gyaran gashi da fata, su dakata aƙalla kwana 2 kafin gwaji, domin yana karkatar da sakamako. Kada a auna ana tsakiyar zazzaɓi mai tsanani ko kwanciyar asibiti sai da umarnin likita, gara a bari a warware. Ga yawancin masu cutar TSH kaɗai ya isa bibiya. Gwajin garkuwar jiki sau ɗaya ake yinsa don sanin sanadi, hoton wuya kuwa sai idan akwai ƙulli ko kumburi. Sanin haka yana rage kashe kuɗi.

Littafi ƙarami na 'yan makaranta yana da amfani ƙwarai. A ja layi huɗu: kwanan wata, lambar TSH, awon ƙwayar da ake sha, da yadda jiki yake. Likita a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko a Shika, da ya buɗe shafin zai ga tafiyar cutar cikin minti ɗaya.

Halaye biyu na musamman

Mai ciki tana buƙatar ƙarin levothyroxine tun makonnin farko, domin ƙwaƙwalwar ɗan tayi da sinadarin uwa ta dogara kafin tayirod ɗinsa ta fara aiki. Da ta ga ɓatan wata ta nemi likita a makon nan, kada ta jira ciki ya fito. Yawanci ana ƙara kashi 25 zuwa 30 cikin 100, a auna TSH kusan kowane mako 4 har tsakiyar ciki, a koma awon da bayan haihuwa. Ƙwayar ba ta cutar da ciki ko shayarwa. Daina ta ne ke jawo ɓari da haihuwar bakwaini.

Hali na biyu shi ne macen da ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, daga nan nono bai kawo ruwa ba, al'ada ba ta dawo ba, jiki ya yi ta mutuwa shekara da shekaru. Wannan yana iya zama lalacewar fituwitari, wadda likita Harold Sheehan ya bayyana a 1937. A nan TSH ba abin dogaro ba ne, yana iya fitowa daidai alhali T4 ya yi ƙasa, don haka T4 ake bi. Dole kuma a auna sinadarin kotisol kafin a fara levothyroxine, domin fara ta ba tare da gyara shi ba yana iya jefa mara lafiya cikin hatsari.

Alamomin gaggawa

Idan mai wannan cuta ya fara barci mai nauyi da wuyar tashi, ko hankalinsa ya rikice, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, numfashi ya yi ƙasa, musamman tsoho a lokacin hunturu ko wanda ya daɗe da barin magani, a kai shi asibiti nan take. Haka ma ciwon ƙirji ko bugun zuciya mai tsanani bayan ƙarin awo, da kumburin wuya mai saurin girma ko mai hana haɗiya da numfashi.

Raunin tayirod yana cikin cututtukan da maganinsu ke aiki ƙwarai idan an bi ƙa'ida. Mai shan ƙwayarsa kullum da ciki babu komai, yana gwajin jini a kan lokaci, yana kuma barin canjin awo a hannun likita, zai iya noma, kasuwanci, karatu, azumi da haihuwa kamar kowa.