Yadda Faci Ya Kan Iso ga Kwamfuta

A makon jiya wani ɗalibi ya tsai da ni a ƙofar ɗakin kwamfuta, ya ce, "Malam, me ya sa kullum na'urorin nan su ke neman a sabunta su, alhali kuwa lafiyarsu ƙalau?" Na ce masa ya dakata, zan ba da amsa a cikin mujallar nan don kowa ya amfana, domin da yawa daga cikinku in kun gama kwas za a tura ku makarantun da za a danƙa muku kwamfuta biyar ko goma, ba kuwa wani injiniya a kusa sai ku.

Da farko sai mu san abin da mu ke magana a kai. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyad da sauran. Tamu ta ɗakin nan sunanta Debian, wadda Ian Murdock ya fara a 1993. Zuciyarta kuwa ita ce Linux, wadda wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar a 1991. Irin waɗannan ana ce da su buɗaɗɗun manhajoji, watau asalin rubutunsu a fili ya ke, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ba wani. To, rubutu ne na 'yan Adam, tilas a sami kuskure a ciki. Wani kuskuren ba ya cutar kowa. Wani kuwa kamar taga ce da aka manta a buɗe, ɓarawo na iya shigowa ta nan.

Idan aka gane kuskure ba a sake rubuta manhajar duka. Sai a rubuta 'yan layuka masu cewa a cire layi kaza, a sa kaza a madadinsa. Wannan shi ne faci, daidai da na mai gyaran keke a bakin kasuwa. Sunan ma ba na ado ba ne, gama a zamanin da a ke ba kwamfuta umurni da takarda mai huji, in an yi hujin da ba daidai ba sai a liƙe shi da 'yar takarda. A 1985 Larry Wall ya rubuta wata 'yar manhaja mai ɗora faci da kanta, har yau kuwa ana aiki da ita.

Yanzu ga inda wuyar ta ke. Wanda ya rubuta manhajar yana can wata ƙasa, ya yi gyaransa, amma kwamfutoci miliyoyi ne ke bukata. Ƙaƙa za a yi ya kai gare su? Mutanen Debian sun rarraba dukan kayansu ƙunshi ƙunshi, sun fi 60,000, kowane ƙunshi da mai kula da shi, galibinsu kuwa 'yan sa kai ne. Mai kula shi ke ɗauko gyaran, ya haɗa ƙunshin, ya sa a rumbu. Rumbun nan yana da rassa a ƙasashe da yawa, kowane reshe yana kwafo abin da ke cikin uwar rumbu, don kada duniya duka ta taru a ƙofa ɗaya. A cikin kwamfutarka akwai wani ɗan aike mai suna apt. In ka ce masa apt update sai ya je ya karɓo jerin kayan da ke rumbu, ya gwada da abin da ke hannunka. In ka ce apt upgrade sa'an nan ya ɗauko sababbin. Ku lura da wannan, don na ga ɗalibai da yawa su kan ba da umurni na farko su tashi, suna tsammani sun gama, alhali jerin kaya kawai suka karɓa.

Sai wani ya ce, to, in mai reshen mugu ne fa, ya sa guba a cikin ƙunshin? An yi tunanin wannan. Kowane ƙunshi ana yi masa wani lissafi da ke fid da doguwar lamba, wadda ko harafi ɗaya aka taɓa a ciki sai ta sāke. Lambobin nan suna cikin jerin kayan, jerin kuma uwar rumbu ta buga masa hatiminta, wanda ba mai iya kwaikwayo sai mai riƙe da mabuɗin asiri. Kwamfutarka ta san hatimin tun ran da aka sa mata Debian. Saboda haka reshe ɗan dako ne kurum, in ya buɗe kaya a hanya sai apt ya ƙi karɓa.

Har wa yau, sabon ƙunshi ba ya zuwa wurinmu kai tsaye. Rumbun hawa uku ne. Ya kan fara sauka a hawan da ba shi da tabbas, inda masu ƙarfin hali ke gwada shi. In ya yi kwanaki ba a sami babban aibi ba sai ya wuce hawan gwaji. Wajen kowace shekara biyu a kan tsai da hawan gwaji, a tace shi, a fitar da shi da sunan tabbatacce, kamar Debian 12 a 2023 da Debian 13 a 2025. Mu tabbatacce mu ke bi. Amma gyaran da ya shafi tsaro ba ya jiran wannan layi. Akwai jama'a ta musamman da rumbunsu dabam, kuma dabararsu ta kan burge ni: ba su kan kawo sabuwar manhaja ɗungum ba, sai su yanko gyaran kaɗai su ɗora a kan tsohuwar da ka saba da ita. Tela ne da ya toshe yagar riga bai sāke mata ɗinki ba.

Ga misalin abin da jinkiri ke jawowa. Ran 7 ga Afrilu 2014 aka bayyana wani kuskure a cikin OpenSSL, manhajar da ke rufa asirin saƙonni a intanet, aka sa masa suna Heartbleed. Shekara biyu yana nan ba a sani ba. A ranar aka fid da faci, amma ran da aka fid da faci ran nan ne ɓarayi su ma su kan san inda tagar ta ke. Cikin 'yan kwanaki aka sace lambobin shaidar mutum 900 daga hukumar haraji ta Kanada.

Kada kuma ku ɗauka hatimi maganin kome ne. Hatimi yana shaida wanda ya aiko, ba ya shaida kyan kaya. A 2024 aka gane cewa wani mai kiran kansa Jia Tan ya yi wajen shekara biyu yana taimako a wata manhaja mai suna XZ har aka amince da shi, sa'an nan ya dasa ƙofar asiri a ciki. Ƙunshin ya shiga hawan farko na Debian da hatiminsa daidai. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya lura shiga na'urarsa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono abin, ya sanar ran 29 ga Maris. Bai kai ga tabbatacce ba. Ni a ganina wannan ya isa dalilin da zai hana malamin makaranta kwaɗayin sabon yayi.

Saura abu biyu da suka shafe mu nan. Na ɗaya tsadar data. Ba daidai ba ne kwamfuta ashirin kowace ta ɗauko ƙunshi iri ɗaya daga waje. Mu mun sa wa guda ɗaya apt-cacher-ng, ita ke ɗaukowa sau ɗaya ta ajiye, sauran su karɓa daga gare ta. Na biyu wuta. Bara na soma sabunta na'urar da ke riƙe da makin jarrabawa ban duba batirinta ba, aka ɗauke wuta aikin na tsaka. Da ta dawo sai apt ya ƙi motsi, na yi gumi ba kaɗan ba, gama ban kwafe makin a wani wuri ba. Umurnin dpkg --configure -a shi ya ƙarasa abin da ya rage. Tun ran nan sai na kwafe takardu tukuna, kuma ba na farawa sai da cikakken batir.

In facin ya taɓa zuciyar, watau Linux kanta, ba ya soma aiki sai an kashe na'urar an sāke kunnawa. Wanda ke so ya gwada da hannunsa ya same ni a ɗakin kwamfuta ran Alhamis bayan la'asar, ya zo da littafin rubutu.