Yadda Ake Buga Wasan TimeShift a Kwamfuta

TimeShift wasan kwamfuta ne da kamfanin Saber Interactive ya ƙera, kamfanin Sierra kuma ya fitar da shi a ƙarshen shekarar 2007 domin kwamfuta da na'urorin Xbox 360 da PlayStation 3. Yana cikin rukunin wasannin harbi da ake kallon duniyarsu ta idon jarumi, wato mai wasa ba ya ganin jikin wanda yake tafiyarwa, sai hannayensa da makamin da yake riƙe da shi. Labarinsa ƙagaggen labarin kimiyya ne, inda wani masani mai suna Dakta Aiden Krone ya sace rigar ratsa zamani da ake kira Alpha, ya koma shekarar 1939, ya karkatar da tarihi har ya zama mai mulkin kama-karya, sai wani abokin aikinsa da ba a ambaci sunansa ba ya sanya riga ta biyu mai suna Beta ya bi sawunsa. Wannan riga tana bai wa mai wasa iko uku, rage gudun lokaci da tsayar da shi cak da mayar da shi baya, kuma duk ukun daga ma'ajin ƙarfi guda suke sha, wanda yake ƙarewa cikin 'yan daƙiƙu kafin ya sake cika a hankali. Wanda ya iya tattalin wannan ma'aji zai ga ƙarshen wasan ko da hannunsa bai faye saiti ba, wanda kuwa ya dogara da saurin harbi kaɗai zai sha faɗuwa a wuri ɗaya.

Mataki na farko shi ne tantance wanda zai zauna gaban allon. Hukumar ESRB da ke tantance wasanni a Amurka ta sanya TimeShift a ajin 'yan shekara 17 zuwa sama saboda jini da tashin hankalin da ke cikinsa, kuma a yankin da iyalai da dama na ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu a jihar Zamfara suka san ƙarar bindiga a zahiri, wannan iyaka ta cancanci a riƙe ta da gaske. Yaya ko mai gidan gem da ya ɗora wasan yana da alhakin hana ƙananan yara zama a gefensa, da kuma amfani da abin saurare na kunne maimakon sakin lasifika, domin akwai maƙwabcin da ƙarar kaɗai za ta tayar masa da tsohon miki.

Mataki na biyu shi ne na'ura da wuta. An tsara wasan ne domin kwamfutocin zamaninsa, masu RAM, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi, da bai fi giga 1 zuwa 2 ba, saboda haka mafi yawan laftof na hannu da ake sayarwa a shagunan Gusau za su iya ɗaukarsa. Ana sayensa a shagunan intanet na Steam da GOG, kuma na GOG ya fi dacewa da Zamfara, domin yana ba da fayil ɗin ɗorawa da mai saye zai sauke sau ɗaya ya ajiye a filash, ya ɗora ya buga ba tare da intanet ba. Duk wanda ya tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, ya san amfanin abin da ba ya jiran sabis. Mazaunin Tsafe ko Bunguɗu zai iya sauke nasa idan ya shigo Gusau ko a daren da data ta yi araha, ya kuma guji kwafin sata da ake turawa daga filash zuwa filash, domin sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta yake tahowa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kada a ɗora laftof a kan katifa ko darduma, a aza ta a kan tebur a ɗan ɗaga bayanta iska ta ratsa, sannan bayan hunturu a kai ta wurin mai gyara ya kakkaɓe ƙurar da ta toshe fankarta.

Mataki na uku, kafin a fara labarin, a shiga wurin saituna a rage girman hoto da inuwa har sai motsi ya daina sarƙewa, domin wasan da ke tsinkewa yana ɓata lissafin daƙiƙu. Hannun hagu yana kan madannan W da A da S da D domin tafiya, na dama yana kan linzamin kwamfuta domin kallo da harbi, kuma ya kamata a rage saurin linzamin ga sabon shiga. A duba madannan lokaci a tabbatar suna kusa da yatsun hagu. Wanda ya ji jiri ko tashin zuciya, abin da kan sami wasu a irin waɗannan wasanni, sai ya kunna fitilar ɗaki, ya ja baya daga allon, ya huta.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar lamarin, wato sanin ikon da ya dace da kowane hali. Rigar tana ɗauke da wata ƙwaƙwalwa mai suna S.S.A.M. wadda ke zaɓa wa mai wasa ikon da take ganin ya dace idan ya danna madanni guda, kuma wannan ya isa a farkon tafiya, amma daga baya dole mutum ya karɓi zaɓin a hannunsa, tun da ita ba ta san dabarar da ya ƙulla a ransa ba.

Rage gudun lokaci shi ne mafi araha kuma mafi daɗewa, don haka shi ne abokin fafatawa ta yau da kullum. Idan aka danna shi, abokan gaba da harsasansu suna tafiya a hankali alhali mai wasa yana motsi kusan yadda ya saba, sai ya sami sararin ficewa daga maɓoya, ya saita mutum biyu ko uku, ya koma bayan bango kafin ma'aunin ƙarfin ya ƙare. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne fitowa fili su tsaya har ƙarfin ya ƙare musu a tsakiyar titi. Ƙa'idar ita ce a san wurin da za a fake tun kafin a danna, a kuma juya tun ma'aunin yana da saura, kamar yadda mai waya a daren da babu wutar NEPA ba ya bari cajinsa ya kai ƙarshe kafin ya yi kiran da ya fi muhimmanci. A bayan bangon ne lafiyar jarumin take dawowa da kanta, ma'ajin lokacin ma ya cika, saboda haka jiran 'yan daƙiƙu a maɓoya yana cikin dabarun wasan.

Tsayar da lokaci ya fi tsada, yana cinye ma'ajin da sauri, amma shi ne ya fi ban sha'awa. A farkon wasan, inda ake fafatawa cikin ruwan sama a kangayen birni, da zarar an danna shi sai ɗigon ruwa ya tsaya a sararin iska, sauti ya dusashe, soja ya daskare da ƙafa ɗaya a sama. A wannan ɗan taƙi mai wasa yana iya rugawa ya fizge bindigar da ke hannun sojan ya wuce, idan lokaci ya dawo sai sojan ya tarar da hannunsa wayam, ya shiga neman wani makami ko ya durƙusa yana roƙo. Wannan hanya tana samar da makami ba tare da ɓarnar harsashi ba, sai dai tana buƙatar a auna nisa da kyau, domin idan tazarar ta fi ƙarfin ma'ajin, mutum zai tsinci kansa a gaban bakin bindiga.

Mayar da lokaci baya shi ne wanda ba a faye buƙata a fagen harbi ba, sai a wuri guda mai muhimmanci. Abokan gaba suna jefa gurneti mai manne wa jiki, kuma idan ya manne babu gudun da zai cece mutum, amma idan aka juya lokaci nan take sai gurnetin ya ɓalle ya koma hannun wanda ya jefo shi, mai wasa kuwa ya kauce, domin shi juyawar ba ta shafarsa.

Mataki na biyar shi ne warware cikas ɗin hanya, waɗanda wasan ya jera tsakanin faɗa da faɗa. A nan ba gaggawa ake so ba, a tsaya a kalli abin da ya tare hanyar a tambayi kai me yake yi. Idan abu ne mai juyawa da sauri, kamar fukafukan babbar fanka, a rage gudu a ratsa. Idan wuta ce ke ci, ko ruwa ne da lantarki ya shiga, ko ƙofa ce da ke rufewa da zarar an saki abin buɗe ta, a tsayar da lokaci, domin daskararren ruwa yana takuwa, daskararriyar wuta kuma ba ta ƙuna. Idan kuwa hanya ce ta rufta a gaban ido, a mayar da lokaci baya har ta miƙe, a wuce da gudu kafin ta sake faɗuwa. Kafin kowane gwaji a jira ma'ajin ya cika taf.

Mataki na shida ya shafi makamai da manyan abokan gaba. Makamai uku kaɗai ake iya ɗauka, kuma mafi amfani shi ne a haɗa na kusa da na matsakaicin zango da na nesa. Bakan da ake kira Thunderbolt, mai harba kibiya mai fashewa kuma mai madubin hangen nesa, ya cancanci a riƙe shi tun daga inda aka same shi, domin idan aka haɗa shi da rage gudun lokaci yana share masu gadin hasumiya ɗaya bayan ɗaya. A gaba za a gamu da dakarun Krone da su ma aka ba su wani rabo na fasahar lokaci, wasu suna gudu kamar walƙiya, wasu suna ɓacewa su bayyana a wani gefe. Masu gudun ana rage lokaci ne su dawo daidai da tafiyar mutum, masu ɓacewar kuma ana jira su bayyana a tsayar da su a inda suke. Shiga wurinsu da rabin ma'aji ganganci ne.

Adana ci gaba kuwa a mayar da shi al'ada bayan kowace fafatawa mai wuya, musamman ga mai kwamfutar tebur da ba ta da batir ko inbata, wanda ɗauke wuta sau ɗaya zai iya mayar da shi baya da nisa. Wanda ya kammala TimeShift yana so ya ƙara, zai iya neman Singularity na kamfanin Raven Software, wanda ya fito a 2010, inda wata na'urar hannu ke tsufar da abu ko ta sabunta shi a wani tsibirin Rasha mai suna Katorga-12, ko kuma Superhot na 2016, wanda 'yan ƙasar Poland suka ƙera, inda lokaci ba ya tafiya sosai sai mai wasa ya motsa.