Darasi: Wa Zai Tuɓe wa Yaro Rigar Sanyi?

Da hunturu ya kankama a watan Disamba, makarantun nazare na Nassarawa GRA sukan cika da yara cikin rigar sanyi, hula da safa. Kafin azahar rana ta buɗe, zufa ta karyo musu. Wa zai tuɓe musu? Mu iyaye mukan ce ai aikin malama ne, tun da mun biya kuɗin makaranta.

To, mu yi lissafi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2004 ta ce malami ɗaya ga yara 25. In kowane yaro ya ci minti biyu, minti 50 sun tafi ke nan. Balle wanda fitsari ya matsa, yana kokawa da bel. Kunyar jiƙa wando gaban abokai takan sa yaro ya ƙi makaranta.

Ɗan shekara 2 yakan cire safa da kansa, ɗan shekara 4 ya ɓalla manyan maɓallai. Igiyar takalmi kuwa sai wajen shekara 6. Saboda haka mu sayi wando mai roba da takalmi marar igiya, mu koya musu ranar Asabar, ba da safe muna gaggawa ba. Malama kuma ta tsaya kusa, ta sa hannu in abin ya gagara, ban da tsawa.